Baƙin Yashin da Muke Zubarwa

Shekarun baya, lokacin da hanyoyinmu ke biyuwa ba tare da fargaba ba, na taɓa bin wani ɗan ƙanwata zuwa bakin rafin da masu neman zinari suke wankin ƙasa a wajen garin Bukkuyum. Kaka ce, ruwa ya ja baya. Ya tsuguna cikin ruwa iya idon sawu da tasa a hannu, yana juya ta a hankali kamar mace mai rege shinkafa. Tsakuwa ta fara fita, sai farin yashi, sai ja. Abin da ya rage a gindin tasar ɗan baƙin yashi ne mai nauyi, mai ƙyalli idan rana ta buge shi. Sai ya zaro maganaɗisun tsohuwar lasifika daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya shawagi da shi bisa tasar. Baƙin yashin nan ya yi tsalle ya manne, ya miƙe tsaye cirko-cirko kamar ƙayar bushiya. Ya zare ledar, yashin ya zube a gaɓa. A cikin tasa aka bar ƙwaya biyu ko uku rawaya, waɗanda sai ka ƙura ido kake ganinsu.

Na ce masa, "Wannan baƙin fa?"

Ya ce, "Kawu, wannan ai ba a sayensa. Wahala kawai yake ba mu."

Gaskiya ya faɗa, babu dillalin da ke aunawa ya biya. Wani nau'in tama ne, masana duwatsu na kiransa magnetait. Amma da irin ƙwayoyin nan da yake zubarwa aka gano ɗaya daga cikin manyan al'amuran duniyar da muke takawa, kuma an ɗauki fiye da shekara 50 kafin a yarda da waɗanda suka fara faɗa. Labarinsu nake so mu waiwaya.

Duk wanda ya taɓa halartar fitar da alƙiblar sabon masallaci ya ga kamfas. A ɗora shi a ƙasa, allura ta yi ta rawa, sannan ta tsaya tana nuna arewa, daga nan a ƙirga a karkata gabas. Tun 1600 William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila, ya rubuta cewa duniyar ce kanta babban maganaɗisu. Yanzu an san tushen abin: kimanin kilomita 2,900 ƙarƙashin sawunmu akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba dare ba rana, motsin nan ne ke haifar da ƙarfin da ke jan allura. Mun taso muna ganin arewar kamfas abu ne kafaffe. Ashe ta sha juyawa. Allurar da ke nuna arewa yau, da za a mai da ita shekara 900,000 baya, kudu za ta nuna.

To, wa ya gani ya ba da labari? A nan ne mai ginin tukwane za ta fi malamin makaranta iya bayani, ko da ba ta san ta iya ba. Idan ta jera ɗanyun tukwanenta a fili, ta lulluɓe su da kara da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta, a cikin yumɓun akwai ƙananan ƙwayoyin tamar nan da ido ba ya gani. Da zafi ya wuce digiri 580, sai ƙwayoyin su saki duk wani jan da suke da shi, su zama ba su nuna ko'ina. Pierre Curie na Faransa ya auna wannan ɗabi'a ta ƙarfe a 1895. Da asuba, wuta ta mutu, tukwane na hucewa, sai kowace ƙwaya ta ɗauki sahun maganaɗisun duniya na wannan daren, a wannan filin, ta riƙe. Tukunyar za ta je kasuwa, ta tsufa, ta fashe, tsingaronta na riƙe da wancan sahu. Haka narkakken dutsen da ke kwarara daga dutse mai aman wuta yake yi idan ya daskare. Wani Ba'italiye, Macedonio Melloni, ya lura da haka a duwatsun Vesuvius a 1853, wani kuma, Giuseppe Folgheraiter, ya auna tsofaffin tukwane da tubalan Italiya a ƙarshen ƙarnin.

Mutumin da ya fara cin karo da abin mamakin shi ne Bernard Brunhes, shugaban tashar nazarin yanayi da ke kan dutsen Puy de Dôme a tsakiyar Faransa, yanki mai cike da tsofaffin duwatsun aman wuta da suka daɗe da mutuwa. Shi da mataimakinsa Pierre David sun riƙa neman wuraren da narkakken dutse ya malala bisa yumɓu ya gasa shi, ya zama tubali gasawar Allah. A 1905, a wani ƙauye da ake kira Pontfarein a yankin Cantal, ya yanko samfuri ya auna. A Faransa allurar da aka sake ta takan nuna arewa tana sunkuyar da kai ƙasa. Wannan dutse ya nuna kudu, ya ɗaga kai sama. Mai musu zai iya cewa dutsen ne ya kife. To, gasasshen yumɓu na ƙasa, baƙin dutsen da ya gasa shi na sama, kamar yadda suka kwanta tun farko. Zai iya cewa aradu ce ta faɗa a wurin ta rikita shi, domin takan yi haka. Sai dai aradu tabo take bari a wuri guda, nan kuwa yumɓun da dutsen, abubuwa biyu mabambanta, baki ɗaya suka yi. A 1906 Brunhes ya wallafa cewa lokacin da wannan dutse ya huce, maganaɗisun duniya a juye yake. Ba a ƙaryata shi da ƙarfi ba, ba a kuma bi shi ba. Ya rasu a 1910 yana da shekara 42 da 'yan watanni, bai san abin da ya taɓo ba.

Sai bayan shekara 20 wani ya ɗauki zancen da gaske, a can ɗaya gefen duniya. Motonori Matuyama, malami a Jami'ar Kiyoto ta Japan, ya auna baƙin dutsen kogon Genbudo a 1926 ya tarar da shi a juye. Bai tsaya nan ba. Ya bi Japan da Koriya da Manchuriya yana yanko duwatsu, ya kuma yi abin da na fi yaba masa da shi: ya jera su bisa tsufa. Sai ya ga duk ƙananan duwatsu, na baya-bayan nan, arewa suke nunawa kamar yau, masu nuna kudu kuwa duk sun girme su. Ke nan abin na da lokaci, ba yamutsi ba ne. A 1929 ya rubuta wannan a takarda mai shafi uku kacal. Ita ma ta kwanta a ɗakunan karatu. Ya rasu a 1958, shekara biyar kafin a tabbatar da maganarsa.

A nan ina so in tsaya wa masu shakka, domin mukan gaggauta ɗaukarsu a matsayin masu taurin kai. Suna da hujja, hujjar kuma mai ƙarfi ce. A 1951 Louis Néel, Bafaranshen da daga baya ya sami kyautar Nobel a 1970, ya lissafa cewa mai yiwuwa a sami dutse mai tama iri biyu a cakuɗe, wanda in ya huce zai ɗauki kishiyar sahun da ke kewaye da shi, shi kaɗai, ba tare da duniya ta juya ba. Ba a jima ba aka sami irinsa. A ɗakin binciken Takesi Nagata a Tokiyo, aka ɗauko dutse daga tsaunin Haruna (sunan Japananci ne, kamanceceniya kawai ya yi da namu), aka gasa shi aka bar shi ya huce a gaban idonsu, ya nuna kudu alhali kamfas ɗin ɗakin na nuna arewa. Gani ya kori ji. Idan dutse ɗaya zai iya wannan, me zai hana a ce duk duwatsun Brunhes da Matuyama haka suka yi? Wanne ya fi sauƙin karɓa, a ce ɗan dutse ne ke da halinsa, ko a ce duniya ce ɗungurungum ta juya? Ni da ina raye ina koyarwa a lokacin, ina jin bayan masu shakka zan bi. A daidai waɗannan shekaru Jan Hospers, ɗan Holan mai karatu a Kambirij, yana hawa tsaunukan Aislan inda malalar dutse ke kwance hawa-hawa kamar jerin tabarmi, yana samun rukuni ya nuna arewa, na bisansa kudu, na bisa kuma arewa. Duk da haka gardama ba ta mutu ba.

Abin da ya kashe ta tambaya ce da aka iya tsarawa. Idan halin dutse ne, to masu nuna kudu za su watsu a kowane zamani, kuma za su kasance iri guda. Idan duniya ce ke juyawa, to duk duwatsun da suka huce a zamani ɗaya dole su yi baki ɗaya, ko a Afirka suke ko a Amurka, ko wane iri ne su. Saura agogo. Agogon ya samu a ƙarshen shekarun 1950, da aka gyara hanyar auna shekarun dutse da sinadarin fotasiyam. Wani kaso na wannan sinadari yana rikiɗa a hankali ya zama iskar argon, cikin saurin da ba ya canjawa. Dutse na narke, iskar na ficewa. Da ya daskare sai ta fara taruwa a cikinsa, kamar tulun da aka tara ƙarƙashin indararo mai ɗiga ɗaya-ɗaya. Ka san saurin ɗigar, ka auna ruwan tulu, ka san tun yaushe aka tara shi.

Mutum uku a Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, a garin Menlo Park na Kalifoniya, wato Allan Cox da Richard Doell da Brent Dalrymple, suka haɗa wannan agogo da awon maganaɗisu. A 1963 suka fitar da jadawalin farko. Yana da kurakurai. A Kanbera ta Ostireliya, Ian McDougall da Don Tarling suna irin wannan aiki da duwatsun tsibiran Hawai, su ma suka fitar da nasu a shekarar, ya gyara na Amurkawa. Haka suka yi ta yi, wannan ya wallafa wancan ya gyara, har jadawalin ya zauna. Duwatsun nahiyoyi daban-daban suka yi baki ɗaya. Halin dutsen Haruna ya tabbata gaskiya ne, amma irinsa kaɗan ne ƙwarai. A 1964 suka raɗa wa zamunan suna. Wanda muke ciki, da ya fara kimanin shekara 780,000 da suka wuce, aka kira shi Brunhes. Na gabaninsa, na juye, da ya faro daga wajen shekara miliyan 2.6, aka kira shi Matuyama. Afirka ma ta sa hannu: a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya, inda ake tono ƙasusuwan mutanen farko, aka sami dutse mai shekara kusan miliyan 1.9 yana nuna arewa a tsakiyar zamanin juye, wannan ɗan taƙin har yau sunansa Olduvai.

Da labarin ya tsaya nan da ya isa abin ba da labari. Sai ga shi ya buɗe wata ƙofa da Brunhes bai taɓa mafarkinta ba. Jiragen ruwa masu jan na'urar awon maganaɗisu sun gano cewa ƙasan teku ratsi-ratsi ne, nan jan ya yi ƙarfi, can ya yi rauni, dogayen ratsi a jere kamar gwado ɗan saƙa. Ronald Mason da Arthur Raff suka wallafa taswirar irin wannan a 1961, babu wanda ya san ma'anarta. A watan Satumba na 1963, wani ɗalibi a Kambirij mai shekara 24, Fred Vine, da malaminsa Drummond Matthews, suka ce ga fassara: a tsakiyar teku akwai tsaga inda narkakken dutse ke fitowa, ya huce, ya ɗauki sahun zamaninsa, sannan sabo ya fito ya ture shi gefe biyu. Ratsin nan tarihin juye-juyen ne a shimfiɗe. Wani ɗan Kanada, Lawrence Morley, ya riga ya yi wannan tunani a shekarar, ya aika wa mujallu biyu, duk suka ƙi bugawa. A 1966 Walter Pitman ya fitar da awon da jirgin Eltanin ya yi a kudancin Tekun Fasifik: in ka ninke takardar a kan tsagar, ratsin dama ya hau kan na hagu, faɗinsu kuma ya dace da jadawalin da aka samo daga duwatsun tudu. Daga nan masu musun cewa nahiyoyi na tafiya, zancen da Alfred Wegener ya kawo tun 1912 aka ƙi karɓa har ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930, suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙasar da ke ƙarƙashin Anka da Bukkuyum ta taɓa zama haɗe da ta arewa maso gabashin Birazil. A 1967 Patrick Hurley da abokansa suka nuna cewa iyakar da ta raba duwatsu masu shekara miliyan 2,000 da masu miliyan 600 kusa da Akara ta Gana, ta sake ɓulla a gaɓar Birazil kusa da São Luís, daidai inda ya kamata in an haɗa nahiyoyin biyu. Kwarin Binuwai tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin rabuwar, ba ta ƙarasa ba. Layin da allura ke kwanciya daidai, ba ta sunkuya ba ta ɗaga kai, shi ma ya ratsa Nijeriya, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da nazarinsa tun yana Jami'ar Ibadan. A kudancin Afirka kuwa, a kwarin kogin Limpopo, manoman da suka rayu shekara 400 zuwa 1,000 da suka wuce sukan ƙone bukkoki da rumbunansu, daɓen ya gasu. John Tarduno da abokan aikinsa suka auna daɓen nan suka wallafa a 2015. Daɓen rumbu, irin wanda ke bayan kowane gida a ƙauyukanmu.

Saboda saƙonnin da ke yawo a waya kan juyewar nan, bari in faɗi wannan a taƙaice. Gaskiya ne ƙarfin maganaɗisun duniya ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a shekara 200 da suka wuce, kuma arewar kamfas na gusawa daga Kanada zuwa wajen Siberiya. Amma juyewar takan ɗauki dubban shekaru, ba ta kuma da ƙayyadadden lokaci, akwai zamanin da aka yi kusan shekara miliyan 40 ba ta auku ba. Juyewar allura daban, juyawar duniya da fitowar rana daban. Alƙibla tana inda Ka'aba take.

Duwatsunmu na nan tsofaffi ne ƙwarai, zafi da matsi sun sha toya su, ba su ne ake fara nema don irin wannan awo ba. Duwatsun aman wuta na baya-bayan nan sai a wurare irin su tsaunukan Jos da na Biu. Amma kafin 2010 jirage sun yi ta shawagi ƙasa-ƙasa bisa Nijeriya, layi bayan layi, suna auna maganaɗisun duwatsu domin Hukumar Binciken Ma'adinai ta ƙasa, ɗalibai a Zariya da Sakkwato suna fitar da digiri da taswirorin. Mu da ke zaune bisa dutsen kuwa tambaya ɗaya muke yi masa: akwai zinari? In ya ce akwai, an gama.

Mun ga ƙarshen wannan a 2010. Kuɗin zinari ya tashi, aka riƙa cika buhuna da dutse ana kaiwa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF da ke zagayen sanƙarau suka tarar yara na mutuwa da jijjiga a Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba ya yi musu komai. Da aka auna jini, sai ga dalma. Dutsen da ke ɗauke da zinarin yana ɗauke da ita. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyukan biyu ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali 400 ce iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara. Abin ya kai Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega, aka yi kiyasin yara wajen 400 sun tafi. Bagega ba a kankare ƙasarta ba sai 2013. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ban ɗora wa mahaƙa laifi ba, talauci ne ya kai su rami, babu kuma wanda ya taɓa gaya musu. Abin da ke ci mini rai shi ne, awon da zai nuna dalma a dutsen ya fi na Brunhes sauƙi nesa ba kusa ba. Na'urar hannu ce, a ɗora ta bisa ƙasa ta ba da amsa cikin minti ɗaya ko biyu, da irinta ma aka auna gidajen bayan an binne yaran. Brunhes ya auna dutsen da babu mai saye, ya rubuta abin da ya gani alhali bai san amfaninsa ba. Matuyama ya jera nasa bisa tsufa. Masu shakka sun tilasta a nemo awon da zai raba gardama. Mu a makarantunmu yaro kan gama sakandare a Gummi ko Anka bai taɓa riƙe dutsen garinsu a aji an tambaye shi me ke ciki ba, alhali ubansa da wansa a cikinsa suke yini. Malamin kimiyya ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya fara. Maganaɗisun lasifika, da leda, da yashin rafi, da allurar ɗinki da aka goga aka ɗora bisa ganye a cikin ƙwaryar ruwa, sun isa darasin mako guda.

Ranar nan a bakin rafi na ba ɗan ƙanwata kaɗan daga cikin wannan labari, muna zaune yana shanya ƙafafunsa. Ya damƙo baƙin yashin da ya zubar, ya murza shi a tafin hannu.

Ya ce, "Kawu, to in aka kai wannan Zariya, za su iya gane inda arewa take a zamaninsa?"

Na ce masa a'a. Ruwa ya riga ya mirgina shi, ba a san yadda ya kwanta ba. Sai dutsen da ke zaune inda ya huce. Shi ma kafin a yanke shi, sai mai awo ya ɗora kamfas, ya zana kibiya a jikinsa da ke nuna arewar yau, ya rubuta wurin da kwanan wata a littafi. In aka ɓalle shi ba kibiya, aka jefa a buhu, shi ke nan, ya zama dutse kawai.

Ya yi shiru yana duban ramukan da ke tsallaken rafi, inda ake ɗora buhuna bisa babura. Sannan ya zuba baƙin yashin a cikin ledar, ya ƙulle bakinta, ya sa a aljihu tare da maganaɗisun.